Ranar Da Na Tuƙa Fijon Surukina

Ko a mafarki ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je Argungu gaida mahaifin Hadiza ba. Lokacin bai ce ya ba ni ita ba, bai kuma ce ya hana ba, don haka na taso daga Gwadangaji da niyyar in burge shi ko ta halin ƙaƙa.

Na iske Alhaji a ƙofar gida da amininsa Malam Garba, suna gardamar da suka shekara talatin suna yi: tsohuwar Fijo 504 ta Alhaji da tsohuwar Marsandin Malam Garba, wacce ta fi? Da na gaishe su na ja bakina na yi shiru, da an rabu lafiya. Ina! Sai na tsoma baki. Na ce Marsandi nauyi gare ta, ga shan mai, kayan gyaranta sai an tona. Fijo kuwa ƙafarta doguwa ce, gargadar hanyar Augie ba ta dame ta ba, ko buhun albasa nawa aka labta mata. Har da cewa na yi da jin ƙarar inji nake gane lafiyarsa (a waya na karanto rabi, sauran na ƙirƙira).

Alhaji ya washe baki. "Ka ji ko, Garba? Yaron ga ya san mota." Sai ya miƙo mini makulli. "Ɗana, zagaya da ita shi gani."

Jama'a, ni da ban taɓa tuƙa komai ba sai ƙaramar motar ofis mai canza giya da kanta! Na shiga, na laluba gefena, babu giya. Ashe a jikin sitiyari take, kamar ludayi. Na taka kuloci, na kama ta na yi ta murɗawa har ta shiga wani wuri, na yi bisimilla, na ba ta wuta.

Ashe ribas na sa, baya ta yi. Da gudu kuwa. Na bi ta kan shinkafar da maƙwabta suka shanya, kaji suka watse, ban tsaya ba sai da na ji ƙum! a goshin Marsandi. Hadiza tana leƙe ta zaure. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Malam Garba ya shafa motarsa, ko kwarzane babu. Fitilar Fijo kuwa ta tarwatse. Ya ce, "Alhaji, shekara talatin ban ci gardamag ga ba, sai yau da surukinka ya taimake ni."

Alhaji ya juyo ya dube ni. "Kai ma ka ji, ya ce suruki. Sai ka turo manyanka, amma kak ka ƙara taɓa min mota."

Yanzu 'ya'yanmu uku, kuma duk dangin Hadiza Ribas suke kirana. In na ji dattawa suna gardamar mota, cewa nake ni ɗan keke ne.