Baƙar Igiya da Farar Igiya

Ko zan manta da komai na aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa da wata Litinin a Kore Mairuwa ba. Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji kamar in kama kunnena in murɗe.

A makarantarmu ni ne "masanin ordinater", wato kwamfuta. (Gaskiyar magana, horon sati biyu na yi a Dosso, amma yadda nake taka ƙasa sai ka rantse ni na ƙera ta.) Kwamfuta ɗaya tak gare mu, irin ta tebur, mai akwati a ƙasa da allo a sama, kuma sunayen ɗalibanmu masu jarrabawa duk suna cikinta. Ranar nan dirakter, shugaban makarantarmu, yake son a buga su.

Na shigo biro, wato ofis, da sassafe raina a ɓace, don kwana biyu babu kuran, wutar lantarki, a unguwarmu, salulata ta mutu murus. Na laluba ƙarƙashin tebur na sa ta caji, na zauna, na danna kwamfuta. Fankar cikinta ta ɗauka, fuuu, koriyar fitilar akwati ta kama. Allo kuwa baƙi ƙirin. Na kashe na kunna. Baƙi. Na ɗan mari akwatin (wannan ba a koya mana a Dosso ba). Baƙi. 'Yar fitilar allon ta daɗe da mutuwa, balle ta nuna mini wani abu.

Sai idona ya faɗa kan siminti: da danshi. An yi mopin.

Inna Habsu ke mana shara. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, da aikin nan take riƙe da jikoki uku. Na leƙa na ƙwala mata kira kamar sa'ata.

"Inna! Sau nawa zan ce kar ruwa ya kusanci mashin ɗin nan?"

"Mushe, wallahi ban taɓa shi ba. Kewaye shi nika yi kullum." (Mushe, haka ake kiran malamin boko a wajenmu.)

"To aljani ya jiƙa shi? Doguwa ce ta zo ta yi wanka a biro?"

Malamai suka taru, dirakter ya fito. Ni kuwa sai na ƙara wuta, ina zuba Faransanci: katin uwa ya ƙone, ruwa ya shiga, sunayen yara sun tafi. Dirakter, wanda tsoron kwamfuta yake kamar maciji, ya juya ya ce, "Inna, in ta tabbata, sai dai ki aje makulli." Ta koma gindin bishiyar bedi ta zauna da tsintsiyarta.

Na kwance akwatin, na zare ƙwaƙwalwarsa na goge da gefen riga, na hure ƙura har na yi atishawa, na mayar. Baƙi. Zuciya ta ɗebe ni, na zare salula daga igiyarta, na naɗe akwatin da dardumar salla, na rungume shi a bayan kabu-kabu sai Dogon Dutsi, rana na dukan ƙeyata.

Mai gyara, wani Malam Idi, ya haɗa shi da nasa allon. Kafin in goge gumi sai ga hoton ya fito tas, sunayen yara na nan ko ɗaya bai ɓata ba.

"Lafiyarsa lau. Ina ekran ɗinku, allon? Ka duba ko yana samun wuta?"

Kai! Tambayar nan ta ƙona mini rai. Na ce, "Malam, ni ba baƙauye ba ne. Ni ke koyar da abin nan." Ya ce, "To, Allah ya ba da haƙuri, Mushe."

Na dawo bayan azahar, ƙafafuna sun sage. Na haɗa komai a gaban dirakter da malamai, ina cika baki cewa tafiyar ce ta busar da ruwan. Na danna. Fuuu. Baƙi ƙirin! Na buga tebur na ce to allon ta jiƙa ke nan, ai dama na faɗa.

Dirakter ya aika a kira Inna Habsu. Ta shigo tana kwance makulli daga bakin zanenta, ta aje a kan tebur. Har ta juya, sai ta tsaya tana kallon ƙarƙashin teburin.

"Mushe, ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Amma shekara huɗu ina share wurin ga, baƙaƙen igiyoyi ukku nika gani cikin abin wutan nan. Yau biyu na gani, da wata fara. Ga baƙar can yashe a ƙasa."

Kowa ya sunkuya. Farar igiyar nan, jama'a, cajar salulata ce. Da hannuna na zare wutar allo da safe na cusa ta. Malamin lissafi ya cire ta, ya mayar da baƙar, allo ya haska fuskata.

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Wani ya fashe da dariya, dirakter bai yi ba. Cajar ya miƙo mini da yatsa biyu, ya ce, "Ga doguwarka."

Na ɗauki makullin na bi Inna har gindin bedi, na durƙusa a gaban ɗalibai ina ba ta haƙuri. Ta karɓa ta ɗaure a zane. Ta ce, "Ba komi, ɗana. Amma tunda ruwana na ɓata mashin, ƙarƙashin teburinka kai ka share."

Ta kuwa cika magana. Har na bar makarantar, ko'ina tana sharewa ban da nan. Kowace safiya masanin ordinater na duƙe da tsintsiya, kuma tun daga lokacin, in allo ya yi baƙi, igiyoyi nake fara ƙirgawa kafin in buɗe baki.