Sarkin Gwanjo da Ledar Babur

Wani mutum ne a Unguwar Gano, mai gyaran famfo, wanda tun da Allah ya yi shi bai taɓa sayen sabon abu ba. Rigarsa gwanjo, wayarsa a hannun wani ya saya, agogonsa ma sai da wani ya gaji da shi. Shi ya sa 'yan majalisarsu suka naɗa shi Sarkin Gwanjo, sarautar ta bi shi har ta cinye sunan yanka. Ni kaina da nake ba ku labarin ban san sunansa na gaskiya ba.

Yana da wani tsohon babur da kowa ya sani a unguwar. Ba da ƙara aka san shi ba, da turi aka san shi. Da safe ya turo shi ya fita, da yamma ya turo shi ya dawo, yana sharce gumi yana cewa filogi ne. Ɗan'azumi tela, wanda shi ne uban tsokana a majalisar, kullum sai ya tare shi.

"Sarki, wai kai kake hawan babur ɗin nan, ko shi yake hawanka?"

Rannan dai tura ta kai bango. Mutumin ya jingine babur, ya ce, "Wallahi sai na sayi sabo dal, ku gani da idonku!"

Ɗan'azumi ya ce, "Ranar da ka shigo layin nan da sabon babur, ni da bakina zan tuɓe ka daga sarauta, in kira ka Alhaji."

Maganar nan ta shiga ransa ƙwarai, don sunan yana yi masa ciwo, har 'ya'yansa ana ce musu 'ya'yan Sarki. Ya shiga adashi, ya daina cin tsire, ya lallaɓa ya sayar da tsohon babur ba tare da kowa ya sani ba. Da abin ya haɗu, ya wanke babbar rigarsa ya nufi Gyaɗi-Gyaɗi.

Shagon da ya fara shiga, ga babura nan jere, kowanne naɗe da leda da kwali. Mai shagon yana kwance a benci yana kallon waya, tsinken sakace a baki. Mutumin ya yi sallama. Mai shago ya ci gaba da kallon waya. Ya sake. Mai shago ya amsa da hanci.

"Alhaji, nawa wannan?"

"Ya fi ƙarfinka."

"Ai ka faɗa mu ji."

"Ka ji ka yi me da shi?"

Mutumin ya miƙa hannu zai shafa kujerar babur. Mai shago ya yi zumbur ya tashi.

"Kai Malam! Ɗauke hannunka! In ka huda leda ka saya!"

Mutumin ya fito yana huci, yana cewa ko kyauta ake bayarwa a nan ba ya so. A cikin adaidaita sahu ma bai daina mita ba, har direban ya gaji ya ce, "Malam, in mutunci kake nema, je ka Tarauni shagon Alhaji Mu'azu. Can ko tambayar hanya ka je yi sai an ba ka ruwan sanyi."

Direba bai yi ƙarya ba. Tun kafin ya gama sallama Alhaji Mu'azu ya miƙe ya tarye shi.

"Maraba da Yallaɓai! A kawo kujera! A juyo masa fanka!"

Mutumin ya waiga bayansa ya ga ko da wani ake. Aka kawo zoɓo mai ƙanƙara. Aka tambaye shi iyali, aka tambaye shi aiki. Ya nuna wani jan babur, aka yi ciniki cikin raha har da ragi. Ana haka aka kira azahar.

Alhaji Mu'azu ya ce, "Yallaɓai, mu je mu yi salla. Kafin mu dawo Kabiru bakanike ya shirya maka shi. Mu a nan ba ma barin mutum ya fita da wahala."

Da suka dawo, ga babur a ƙofar shago yana walƙiya. Kabiru ya yaye ledar tas, ya wanke shi, ya goge, ya ɗaure kowane kusa, ya zagaya da shi har Daurawa ya dawo don ya ji lafiyar inji. Alhaji kuma ya sa an cika tanki kyauta. Shi mutuminku kiran Yallaɓai ya riga ya hau masa kai, bai lura da komai ba. Ya taka kiki sau ɗaya, babur ya tashi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki!

Ya shigo layi yana danna oda. Ya tsaya a gaban majalisa, ya sauko a hankali, ya gyara hula. Ɗan'azumi ya taso ya zagaya babur, hannu a baya kamar mai sayen bijimi a kara.

"Allah ya sanya alheri, Sarki. Mai shi na farko ya iya riƙo."

"Wane mai shi? Sabo ne dal!"

"To ina ledar?"

Mutumin ya dubi babur. Sai yanzu ya gani.

"Can suka cire."

"Suka cire? A Kanon nan? Nura mai shayi bara ya sayi nasa, har yau ledar tana jiki. Wane mahaukaci ne zai cire wa sabon babur leda?"

Wani ya leƙa mita ya ce ai ya yi tafiya. Wani ya buɗe tanki ya yi salati.

"Jama'a, cike yake fal! Wa ya taɓa ganin dila ya ba da sabon babur da mai a wannan zamani?"

Mutumin ya zaro rasit yana rantsuwa. Ɗan'azumi ko kallo bai yi ba, ya ce in rasit ne shi ma zai iya bugo guda a ce shi ya sayi jirgin sama. Majalisa ta kwashe da dariya, har da masu buga benci.

Washegari da sassafe ya koma Tarauni, fuska a murtuke.

"Alhaji, ledata na zo karɓa."

"Wace leda, Yallaɓai?"

"Ta babur! Na sayi babur da ledarsa, an ba ni babur tsirara."

Alhaji Mu'azu ya yi ta ba da haƙuri, ya ce 'yan jari-bola sun kwashe shara tun jiya. Amma tunda ran Yallaɓai ya ɓaci, dole a wanke laifi. Ya ba shi hular kwano kyauta. Ya ce juyen baƙin mai na farko ma kyauta. Aka sake kawo zoɓo. Mutumin ya rasa ta inda zai kama faɗa, don faɗa da mai ba da haƙuri wuya gare shi. Ya shanye ya tafi.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da la'asar, majalisa ta cika, sai ga Kabiru bakanike da jakar sifanu. Ya yi sallama, ya durƙusa gaban babur.

"Alhaji ne ya aiko ni in duba ko akwai abin da ke damunsa. Ya ce a riƙa leƙo ka duk mako."

Ɗan'azumi ya riƙe baki.

"Ikon Allah! Sabon babur har da likitansa mai binsa gida? Sarki, wannan ciwon nasa ya daɗe ke nan."

Wannan karon har mai shayi sai da ya ajiye buta ya yi dariya. Mutumin ya kori Kabiru, Kabiru ya tafi yana ba da haƙuri, abin da ya ƙara ƙona masa rai.

Gari na wayewa ya mayar da babur.

"Alhaji, ka cuce ni. Ga kayanka."

"Subhanallahi! Me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace. Matsalar ke nan."

Alhaji Mu'azu bai gane ba, amma bai yi musu ba. Ya mayar masa da kuɗinsa cif, ya ce ya riƙe hular, ya raka shi har titi ya tsayar masa da adaidaita, yana cewa a gaida iyali.

Mutumin ya zarce Gyaɗi-Gyaɗi. Mai shagon nan yana nan kwance inda ya bar shi.

"Kai ne kuma?"

"Ni ne. Wancan nake so. Kar a cire ko da zare ɗaya na ledar."

"Wa zai cire maka? Bawanka ne ni?"

Mutumin ya ji daɗi har cikin ransa, ya ce yau ya zo wurin 'yan kasuwar gaske. Ya biya ba ragi. Ya fito da babur naɗe ruf, leda har kan taya, kwali har kan fitila. Ya taka kiki. Shiru. Ya taka, ya taka, har takalminsa ya tsinke.

"Alhaji, ya ƙi tashi."

"Akwai mai ne a ciki?"

Ya tura shi gidan mai, aka zuba. Ya taka. Shiru. Ya turo shi ya dawo shago.

"Alhaji, har yanzu fa."

Mai shago ko ɗago kai bai yi ba. "Kayan da ya fita ya fita. Matsa, ka tare min iska."

Haka ya kamo hanya da tsakar rana, hular kwano a kai, babbar riga ta jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a hannu. Amma zuciyarsa fari ƙal, don leda tana ta ƙaras-ƙaras, duk wanda ya wuce sai ya kalla. Ya shigo layi yana turi yana haki. Ya kafe babur a gaban majalisa, ya buga ƙirji.

"To, Ɗan'azumi! Ga leda nan. Kyan alkawari cikawa. Kira ni da sunan da ka ce."

Ɗan'azumi ya taso. Ya shafa leda, ya shinshina, ya gyaɗa kai. Ya dubi babur, ya dubi gumin da ke ɗiga daga haɓar mutumin.

"Leda kam sabuwa ce, Sarki, wannan ba musu. Amma turin nan mun san shi."