Yadda Ake Gaida Suruki a Kan Keken Mutum Biyu

Tun Kubwa tana gonar dawa ni Nababa na ga keken mutum biyu, kafin kowa a Abujan nan. Ban yi boko ba, amma faɗuwar da na yi daga keke ta fi hawan da ka yi, ga ni da raina. Bi maganata, na rantse gidan surukanka ba za su manta da kai ba.

Na ɗaya: Feda

Kada ka sayi fedar talakawa, wadda ake ɗaga ƙafa a sauka lafiya. Nemi mai kama takalmi, ka taka ta ce ƙas, ta riƙe ka kamar kaska. Mai shago zai ce, "Oga, bari in nuna maka yadda ake cirewa." Ce masa kai ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ba a koya maka.

Na biyu: Sarƙa

Sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedar gaba da ta baya, don haka inda ka je, can na baya za shi. Ɗauko ƙato wanda ba ya tambaya. Al-Amin, wanda ya fara bin shawarata, Leonard ya ɗauko, abokin ofishinsu, mai cinya kamar turmi.

Na uku: Lokaci

Je bayan la'asar, sa'ad da uban yarinya ke ƙofar gida da ƙannensa suna shawarar a ba ka ko a hana ka. Haka Al-Amin ya yi a gidan su Nabilah, yarinyar da yake nema.

Na huɗu: Gaisuwa

Ɗan mutunci ba ya gaida suruki daga kan sirdi. Sauka yake, ya cire takalmi, ya tsuguna. Al-Amin ya ja birki, ya ja ƙafa, takalmi ya ce ina! Suka karkata a hankali kamar itacen da aka sare, rub da ciki gaban tabarma.

"Barka da yamma, Baba," in ji Al-Amin, baki cike da ƙasa.

"Sannu, sa," in ji Leonard daga ƙarƙashin taya.

Tsoho ya dube su ya ce, "Ɗana, tsuguno ma ya isa, mu ba Yarbawa ba ne." Ya juya ga ƙannensa: "Yaron nan akwai ladabi. A ba shi."

In naka surukin ya kira 'yan sanda, ko haƙori ya fita, ba ruwan Nababa, ban san ka ba. Mai musu kuma ya same ni Orozo da kekensa. Zan shimfiɗa tabarma, ya zo ya gaishe ni.