Baƙar Leda a Bayan Ginshiƙi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Talata a birnin Alkahira ba, duk da na fi shekara ina roƙon Allah ya mantar da ni. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan abu. Sau uku ina farawa, sau uku ina yage takardar, don tsoron kada ta faɗa hannun mutanen layinmu na kasuwar Rano, waɗanda ba sa barin magana ta mutu. Amma akwai wata tambaya da ta hana ni sakat, kuma ba za ku gane ta ba sai kun ji yadda aka yi.

Ni mai gyaran rediyo ne. Karatuna na boko a firamare ya tsaya. Tun ina saurayi, in na gama gyara ina gwada akwati, nakan murɗa har in kamo wata tashar Larabawa inda ake kaɗa wani molo mai ƙaton ciki da suke kira udu. Ba na jin ko kalma ɗaya ta waƙar, amma sai in ajiye aiki in yi shiru. Kuma a da na taɓa wasan kwaikwayo a ƙungiyar samarin garinmu (gawa nake fitowa ko mai gadi, don su ne ba a ba su magana da yawa). To 'yata ta uku, Sa'adatu, a Misira ta yi karatun jinya, yanzu tana aiki a Kano. Ita ce ta ɗaura niyyar sai ta kai ni in ga masu udun nan da idona, in kuma shiga gidan wasa na gaske. Ta shirya komai, kwana huɗu. Ana saura mako guda, wurin aikinta suka hana ta hutu.

Na ce a fasa. Ta ce ba a fasawa.

"Baba, ba yaƙi za ka ba fa. Kallo za ka."

"To in na ɓata fa?"

"Ga takarda. Duk wanda ka nuna wa zai kai ka masauki. Ga lambata a ƙasa."

A takardar ta rubuta sunan masaukin da Larabci, ta maƙala tikiti uku, sannan ta jera mini dokoki: ka je da wuri, ka kashe waya, kada wani abu naka ya yi ƙara a ciki, kada ka tashi ana tsakiyar wasa. Abin da ta manta shi ne, ni in aka ba ni doka, bi nake har in zarce inda mai dokar ya nufa.

Ba zan cika ku da labarin jirgi ba. Tun daga Kano har muka sauka hannuna na kan aljihun fasfo, ina taɓawa ina sake taɓawa. Ranar farko kuwa lafiya lau. Na je wani tsohon gida mai fili a tsakiya, na ga masu ganga da masu juyi da manyan riguna, na dawo masauki ban ɓata ba. Har na fara jin kaina wani ne.

Rana ta biyu ce ta babban gidan wasa, ƙarfe biyar na yamma. Ina idar da la'asar na kama hanya, saura fiye da awa guda. Ina tafe ina ɗaga kai ina kallon dogayen gidaje, sai na ji ƙafata ta dama ta nutse a wani abu mai laushi. Kashin doki ne, na masu keken doki, kuma ɗanye. Na goge a bakin titi iya ƙoƙarina, amma ya riga ya shige ramukan ƙasan takalmin.

A ƙofa wani mai gadi mai gashin baki ya laluba ni, ya zaro 'yar rediyona daga aljihu. Dole in gaya muku kamarta. Murfin batirinta ya ɓata, na naɗe wurin da baƙin salatif. Eriyarta ta karye, na ɗaura mata jar waya. Kuma tana da wata cuta: in aka girgiza ta, sai ta kama da kanta. (Na sani, ni ne mai gyara. Shekara shida ina cewa gobe.) Mai gadin ya juya ta, ya yi dariya, ya miƙo mini, ya nuna mini hanya.

Ina shiga sai na ja na tsaya. Jan kafet ne shimfiɗe tun daga bakin ƙofa, mai kauri, irin wanda ko a masallacin Juma'a ban taɓa takawa ba. Wata mata ta gama share shi da inji ke nan, tana naɗe waya. Babu kowa sai ni, balle in ga yadda ake yi in kwaikwaya. Na dubi kafet, na dubi takalmina. Mu dai a gida ko tabarmar kaba ba a hawa da takalmi, balle wannan, balle kuma da abin da ke ƙasan nawa. Ina da baƙar leda a aljihu kullum, tun ranar da aka yi mini musayar takalmi a masallaci. Na tuɓe na zuba a ciki. Sai na tuna dokar ƙara, na jefa rediyon ma, na ƙulle bakin ledar sau biyu. Shiga da ita zai dami mutane da wari, don haka na tura ta bayan wani ginshiƙi a farfajiyar, inda ba mai gani. Na shiga da safa, ina jin daɗin kaina, wai na nuna tarbiyya.

Da jama'a suka fara shigowa, kowa da takalminsa. Ƙwas, ƙwas, har da masu tsini. Na ja ƙafafuna ƙarƙashin kujera na sauke riga a kansu. Na yi niyyar fita in ɗauko, amma kujerata a tsakiyar layi take, mutum kamar goma ta kowane gefe, kuma kafin in gama shawara aka kashe fitilu.

Abin da na gani a wannan ɗan lokaci ya isa a yi tafiyar dominsa. 'Yan wasa na tsakiyar dandamali, makaɗa na gefe, cikinsu akwai wani tsoho fari fat da furfura, rungume da udu. In ya taɓa tsirkiya sai ka ji kamar a ƙirjinka ya taɓa. Sautin da na yi shekaru ina kamowa da shuu-shuu a cikinsa, ga shi tas. Na manta da safa, na manta da kaina.

Sai fitilu suka kama gaba ɗaya. Kiɗa ya yanke. Wani mai kwat ya hau dandamali ya yi magana a natse. Ni na ɗauka cikin wasan ne, har na tafa sau biyu. Ni kaɗai. Tsohuwar da ke gefena, mai baƙin mayafi, ta ja hannun rigata tana magana da sauri. Da ta ga ban gane ba, sai ta dunƙule hannuwanta ta buɗe, ta ce, "Bum."

Wannan ba ya bukatar tafinta. Ban san yadda na fita ba, na dai tsinci kaina a filin gaban ginin cikin ɗaruruwan mutane, siminti na ƙona tafin ƙafata, babban ɗan yatsana na leƙe ta hujin safa. Motocin 'yan sanda suka iso, aka ja igiya aka tura mu baya. Wata yarinya na kuka, uwarta ma na kuka. Na tuna maiɗakina, na tuna ban bar wasiyya ba, na tuna a ƙasar da ba wanda ya san sunan ubana za a binne ni, in ma an sami abin binnewa. Tsoro ya juye ya zama fushi. Na ɗaga hannu na fara da ƙarfi, da Hausa:

"Allah ya isa. Allah ya tona asirin wanda ya yi wannan aiki. Allah ya kunyata shi a bainar jama'a, yau ba gobe ba."

Tsohuwar nan ba ta jin Hausa, amma duk inda ta ji Allah sai ta ce amin.

Tunda nake ban taɓa yin addu'ar da aka amsa da sauri haka ba.

Ƙofofin ginin na gilashi ne, ana hango farfajiya. Na leƙa ne kawai don in ga ko takalmina zai tsira. Sai na ga duk 'yan sandan wuri ɗaya suke kallo. Wani sanye da kaya masu kauri kamar katifa yana takawa a hankali, yana nufar wani ginshiƙi. A gindin ginshiƙin ga baƙar leda mai ƙulli biyu, ga jar waya ta huda ta ta leƙo.

Na ga kaina a kurkukun ƙasar da ban iya ko roƙon ruwa da harshenta ba. Na ji ana karanta labarina da Hausa, an kama wani mutumin Rano, kuma a rediyoyin da ni na gyara da hannuna za a ji. Wata zuciya ta ce mini, ba wanda ya sani, juya ka bi titi da safarka, takalmi dai ai ana sayarwa. Wallahi har na ja da baya taku biyu. Ina faɗa ne don kada ku ɗauke ni jarumi.

Abin da ya tsayar da ni tsohon nan ne mai udu. An fito da shi an zaunar a kan kujera a gefen titi, yana rungume da kayan kiɗansa kamar jariri, wani na yi masa fifita da takarda. Na ce a raina, in wannan bawan Allah ya faɗi a nan, a wuyan wa?

Na ɗaga hannu kamar ɗan aji uku mai neman izinin fita. Ba wanda ya kula. Na matsa jikin igiya, na tattaro duk Larabcin da na samu a Islamiyyar dare, na nuna ledar na ce wa wani ɗan sanda, "Haza... haza nawa ne."

Ya dube ni. Na nuna ƙafata, na nuna ledar, na sake nuna ƙafata. Kafin in ƙifta ido mutum huɗu sun riƙe ni, jama'a sun watse daga kusa da ni, har tsohuwar mai amin. Ina ta cewa "binti, binti," wato 'yata, ina nuna aljihu, har babbansu ya zaro takardar Sa'adatu ya buga lambar. Suka yi Larabci mai tsawo, sannan ya kara mini wayar a kunne.

"Baba, me ke cikin ledar?"

"Takalmina ne."

"Takalminka? To me ka sa a ƙafa?"

"Safa."

"Wayar da suke cewa fa?"

"Eriya ce. Ke kika ce kada wani abu ya yi ƙara."

"Baba, da rediyon nan ka tafi Misira?"

Allah ya taimake ni aka nemo mai gadi mai gashin baki, ya shaida ya ga rediyon da idonsa. Duk da haka suka ce ni zan buɗe da hannuna. Na taka jan kafet ɗin nan ni kaɗai, jama'a na kallo ta gilashi, 'yan sanda na bayana nesa kaɗan. Ƙullin ya ƙi kwancewa, na fizga. Rediyon ta girgiza, ta kama. Muryar wani mai sharhin ƙwallo ta fashe a farfajiyar da iya ƙarfinta. Na waiga na ga manyan mutane masu bindiga a durƙushe. Na yi abin da na saba, na ɗaɗa mata mari biyu, ta yi shiru. Sannan na zaro takalman na ɗaga sama. Babban nasu ya matso, ya sunkuya, warin ya same shi, ya koma da baya.

Sun riƙe ni da tambayoyi har magariba ta kusa, sannan suka sake ni da takalmina, ban da rediyon. Wasan dai bai ci gaba ba a ranar. Da na fito jama'a sun ragu, amma tsohon yana nan ana shirin sa shi a mota. Na je na durƙusa a gabansa kamar yadda ake yi wa manya a gida. Ba ni da kalmar ban haƙuri, sai na dafa ƙirji na sunkuyar da kai. An riga an gaya masa ko ni wane ne. Ya dubi takalmina, ya dubi fuskata, ya dafa kafaɗata ya ce, "Wala yihimmak." Na kusa da shi suka yi dariya. Na yi ta maimaita kalmar a hanya don kada ta gudu.

Tikiti na uku ma na je, don Sa'adatu ta rantse in ban je ba, za ta gaya wa mutanen layinmu. Na shiga da takalmi a ƙafa, aljihu wayam, na zauna ban motsa ba, kamar gawar da na saba fitowa.

Abin da na koya shi ne, yanzu in an yi ɓarna ba a san mai ita ba, ba na saurin yin Allah ya isa. Sai na fara duba ƙafata tukuna.

Ga tambayar tawa. Sa'adatu ta ce maganar tsohon na nufin kada ka damu. Amma ita 'yata ce, ta san halina, ko zagina ya yi haka za ta ce. Kuma in kada ka damu ne, me ya ba mutane dariya? In ma hakan ne, shin kada ka damu daidai yake da na yafe, ko sai an furta yafiyar? Sauran mutanen da na tsorata fa, da tsohuwar da ta taya ni amin, ta ina zan nemi afuwarsu? Don Allah, duk wanda ya zauna a Misira ya ji harshensu da kyau, ya faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi. Sharaɗina ɗaya ne: kada ya zama ya san Sa'adatu.