Masarar Mudi a Buhun Mai Girma

Jama'a, jiya Asabar an yi abin kunya a garinmu, kuma da hannuna a ciki, shi ya sa na ga gara in tona kaina kafin wani ya riga ni. Tun hantsi nake tsaye a filin wasa, rana na gasa mini ƙeya, wai ana bikin karrama manoma. Mai Girma Babban Baƙo, Allah ya ƙara wa jiniyarsa ƙara, bai iso ba sai bayan La'asar. Ban ga laifinsa ba. Ai manya ba sa makara, mu ne dai muke da gaggawar zuwa.

Baƙo in ya ji an ce filin wasa, sai ya ɗauka wasa ake yi a ciki. Ni dai a idona sau uku aka buɗe filin nan, kowane buɗi da sabon allo da sabon almakashi. Ƙwallo kuwa, dattawa sun ce an taɓa bugawa ranar buɗin farko, aka busa tashi bayan minti ashirin saboda Babban Baƙon wancan zamani zai wuce ɗaurin aure. A nan aka kawo mana taraktoci shida, ja wur, suka zagaya sau biyu muna tafi kamar hannu zai tsage. Kafin Magariba an ɗora su a tirela, wai ana jiransu a wani filin, can ma akwai masu tafi.

A nan ne kuma jam'iyyu biyu suka yi gangami, kwana ɗaya tsakani. Maƙwabcina Sada ya je duka biyun, hula kawai ya sauya. Na ce, "Kai Sada, to wa za ka zaɓa?" Ya ce, "Bari dai a wanke hulunan tukuna, mu ga wadda ba ta zuba."

Abu guda ne a filin nan ya taɓa amfanar talaka, shi ma bisa kuskure. Akwai wani faffaɗan dandamalin siminti da aka zuba don ƙwallon kwando, kwandon ne dai har yau yana hanya. Manoma suka ga ba a bar shi ya lalace ba, suka mayar da shi wurin shanya. Kowa ya san masarar da aka cashe ruwa bai gama ɗaukewa ba, in ta shiga buhu da danshi, fumfuna ce za ta cinye ta.

Bana layin shanya ya zo kan Mudi a makon bikin. Mudi ɗan unguwarmu ne, manomi, baki goma sha ɗaya ke jiran tukunyar gidansa. Bijiminsa guda ya sayar ya sayi taki, Allah kuma ya dube shi, ya samu buhu goma sha takwas. Ba ta kasuwa ba ce. Ita ce tuwon gidan daga yanzu har wata kakar.

Ranar Alhamis yana cikin juya ta da ƙafa, sai ga mota ta tsaya. Mai shirya bikin ne ya fito, wani Alhaji da kullum za ka gan shi da fayil a hammata, mu kira shi Alhaji Mai Fayil. Mudi ya zaci kora ce.

"Malam, masarar wa?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Yanzun nan zan kwashe."

"A'a, kwashewa kuma? Ai Allah ne ya kawo ka."

Ashe motocin hatsin da za a nuna wa Mai Girma ba su iso ba, kuma Alhaji ya fi kowa sanin dalili. Sai ya ce a ara masa masarar ta kwana biyu. Za a ɗura ta a sababbin buhuna, a yi dala, a ɗauki hoto, a watse. "Daga nan ka kwashe abarka, buhunan ma na bar maka kyauta."

Malam Awaisu mai gadi ya ja Mudi gefe. "Ka ɗaure kayanka ka tafi gida. Shekarata ashirin a ƙofar nan, ban taɓa ganin kayan talaka ya shiga taro ya fito lafiya ba." Amma Mudi ya dubi buhunansa, duk ɓera ya yi musu taga, ya dubi na Alhaji, farare ƙal, masu kauri, kowanne da hoton Mai Girma yana murmushi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kada dai ku yi saurin zaginsa, ni ma da zan yarda.

Gaskiya masu shirya biki sun iya aikinsu, wannan kam a yaba musu. Suka jera bencina a tsakiya, suka lulluɓe su da buhu goma sha takwas, sai ga dala ta tashi kamar ta ɗari. Da Mai Girma ya hau mumbari ya gan ta, sai murya ta buɗe. Ya ce wannan dala kaɗan ce daga albarkar shirinsa na noma. Maroƙi ya kwarara masa kirari, ya kira shi damina uwar albarka, hadari malafar duniya. Kan Mai Girma ya fasu. Ya ajiye takardar jawabin da aka rubuta masa, ya ɗaga hannu sama.

"Wannan hatsi ba zai koma sito ba! A raba wa talakawa yanzu, a gabana!"

Na dubi Alhaji Mai Fayil. Wallahi shi ya fara tafi, gumi na zuba masa har cikin wuyan riga. Kalma ɗaya ce zai raɗa a kunnen Mai Girma magana ta mutu, amma wa ya isa ya gaya wa babba a bainar jama'a cewa kyautar da yake yi da kayan wani ce? Ya auna kujerarsa da tuwon gidan Mudi, kujera ta rinjaya.

Mudi ya keto taro a guje yana ihu, "Masarata ce! Wallahi masarata ce!" Wani ƙato cikin masu tsaron Mai Girma ya tare shi da ƙirji, ya ce, "Baba, yau ai ta kowa ce. Bi layi."

Ni a lokacin ina can gaba, ban san dawan garin ba, har na buɗe bakin rigata an zuba mini tiya guda, na ce Allah ya saka da alheri. Sai da na juyo na ga Mudi tsaye ba hula, sannan na gane abin da na ɗauko. Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba.

Mudi ya samu Alhaji a bakin mota. Alhaji ya ɗan sauke gilashi ya ce ya rubuto takarda, kwamiti zai duba. Da Mudi ya ga ihu bayan hari yake yi, sai ya bi layin. Ya samu tiya guda shi ma. Mai ɗaukar hoto ya ce ya ɗaga ta sama, ya ɗan saki fuska. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yau da safe na kai tawa gidansa. Na tarar Sada da wasu 'yan unguwa sun riga ni, kowa da ƙullinsa, ba mai iya kallon idon wani. Amma taro ya haɗa mutanen ƙauyuka da yawa, wa zai bi su? Da aka tara duka a tabarma, ba ta cika buhu biyu ba. Matarsa Sa'adiya ta leƙo daga zaure, ta daɗe tana kallon ɗan tsibin, ta ce, "Malam, in aka daina tuwon rana, za ta kai mu wata biyu." Mudi ya durƙusa yana tsince ƙwayoyin da suka zube a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya.

Rediyo dai ta ce manoman garinmu sun yi kukan daɗi, kuma rabin maganar gaskiya ce. Na kuma ji an ce wata mai zuwa za a karrama makiyaya a filin. Mai akuya ya ɗaure abarsa a ɗaka.