Balarabe da rezon bisa rumbu

Duk Gidan Sori ba a taɓa haihuwar mai ilimi kamar Balarabe ba, shi ma da bakinshi ya hwaɗa. Ya tahi Maraɗi ya yi karatun 'yan kwanaki kan saye da sayarwar kuɗin ƙasashe ta salula, ya komo da takardar diplom da karabat ɗaure ga wuya. Tun ran nan yara ke ce mishi Dillalin Duniya, shina amsawa da ɗaga yatsa guda.

Ya buɗe lakol, makarantarshi ta kanshi, gindin iccen bedi. Samari sunka bar gyaran gona sunka zauna, shina zana musu layi ƙasa, wanga ya hau, wanga ya sauka. Rabo maƙwabcinshi ya ce shi dai ya ji cikin rediyo waɗanda ke wagga kasuwa na'urori gare su, masu saye su sayar kahin mutum ya ƙihta ido. Balarabe ya gyara karabat.

"Na'ura tana da diplom? Ni malamina ya koya mini sirrin da Turawa ke ɓoyo. In na danna nan, can sai sun ji a jikinsu."

Sai dai rezo, hanyar da salula ke kamawa, ba ya samuwa gidanshi sai bisa jinkar rumbu. Nan mai girgiza Turawa ke hawa kullum, riga na kaɗawa. Kahin yatsanshi shi kai, na'urorin can sun saye sun sayar sun wuce, shi kuwa salula na ta juyi tana neman hanya.

Safina matarshi ba ta damu ba. A saninta rumbu cike shike da damman hatsin damina, kuma rumbu maigida ka buɗa shi, mace ba ta leƙawa. Ba ta san tun kaka, hatsi na arha, ya kwashe shi ya sayar ya zuba kuɗin cikin salula ba, wai bazara ya cika rumbu biyu.

Ran da hadarin hwari ya taso, Safina ta ce a buɗe rumbu, yara sun kwana kan kunu tsararo. Ya ce ta jira, yau za ya rama duka. Ya haye, ya miƙe tsaye don rezo shi ƙaru. Jinka ta ce ba da ni ba.

Da akwai hatsi ciki, da bisa taushi ya hwaɗa. Ƙarar da anka ji kuwa ta tulun da ba ruwa ce, har masallaci. Allah mai rahama, ƙashi bai karye ba.

Safina ta sa tsani, ta leƙa rumbun mijinta karo na hwarko. Ƙasa, kashin ɓera, da Dillalin Duniya zaune, shina bayanin cewa hatsin na nan, kasuwa ce ta ɗan juya.

Ta daɗe tana kallonshi. Sannan ta waiwayo wajen matan da sunka taru da taɓare don su taya ta daka.

"Ku aje, 'yan uwa. Abin da anka adana muna bana ke nan, kuma ba ya dakuwa."