Hatimin da Ya Tafi Neman Masu Zuba Jari

Jama'a, yau ma na sauko daga bene da takarduna a hammata, kuma wannan karon har da hatimi a kansu. Ku bar ni in zauna tukuna.

Ga waɗanda ba su san ciwona ba: wani kamfani na ƙasar waje, mai ƙera famfon ruwa da ke aiki da hasken rana, ya so buɗe ofishin wakilci a nan, ya zaɓe ni in zama wakili. Ni ɗin nan, da na shekara biyu ina rubuta takardar neman aiki har ta fi wasiƙar soyayya zama a hannuna. Ofishin wakilci ba kanti ba ne, ba a saye ba a sayarwa. Ɗaki ɗaya ne da tebur, da mutumin da zai riƙa yi wa manoma bayani. Sharaɗin kamfanin ɗaya: in rajista ba ta kammala ba zuwa ƙarshen wata, za su buɗe a ƙasar da ke maƙwabtaka da mu, su ɗauki wani. Mahaifin wadda nake so kuwa ya ce ba zai saurari iyayena ba sai ina da inda nake zuwa da safe.

Na bi duk abin da aka ce. Takardar kafa kamfanin, lauyan ƙasarsu ya buga mata hatimi. Ofishin jakadanci ya buga hatimin da ke shaida wancan hatimin. Aka fassara ta, mai fassara ya rantse bai yi ƙarya ba, wani ya shaida cewa ya rantse. Wasiƙar naɗa ni, takardar hayar ɗaki, hotona guda takwas. Saura hatimi ɗaya tak, na Mai Girma Sarkin Hatimi da ke hawa na uku a ofishin rajista.

Na tarar da akawunsa a bakin ƙofa yana yanke farce da reza.

"Ranka ya daɗe, takardun nan na kawo."

"Oga ya yi tafiya."

"Hatimin fa?"

"Ka taɓa ganin maharbi ya fita ya bar bakansa a gida?"

Kwana tara ina ɗumama bencin da ke ƙofar ofishin. Na karance littattafai uku a kansa. A cikinsu samari na ƙetare teku da jeji saboda masoyiya, amma ban ga marubucin da ya yi rashin imanin tura saurayi hawa na uku ba.

Maƙwabcina, wani dattijo mai gyaran agogo, shi ya warware min. Ya cire madubin da ke idonsa ya ce, "Kai ba ka jin rediyo ne, ɗana? Ai manyan sun tafi neman masu zuba jari. Mutum arba'in, har da mai riƙe musu lema."

"Wace ƙasa, Kawu?"

Da ya faɗi sunanta sai da na dafa bango. Ƙasar kamfanin nawa ce.

A nan dole in yaba. Wane irin kishin ƙasa ne zai sa bawan Allah ya bar kujera mai juyawa, ya jure wahalar jirgin sama da gadon otal, don ya nemo abin da ke zaune a ƙofarsa? Mai neman raƙumi a kasuwa alhali yana bisa raƙumi, ai ba rago ba ne. Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiyar tafiya.

Sai dabara ta zo min. Na buga wa manajar kamfanin waya, mace mai zafin nama, na ce ta ɗauki takardun da ke hannunta ta nufi otal ɗin da Mai Girma ya sauka. Ta same shi yana karin kumallo. Ta ce min ya yi murna ƙwarai. Ya ture faranti, ya zaro hatimi daga aljihu, ya hura masa iska, ya buga. Aka ɗauki hoto yana riƙe da hannunta. Washegari jaridu suka ce tafiya ta fara haihuwa.

Ranar da takardun suka iso na rungume ambulan, hawaye suka zubo min, ba na jin kunyar faɗa. Na rubuta wa masoyiyata saƙo mai shafi biyu, na kwatanta hatimin da wata ɗan daren goma sha huɗu. Ta amsa da kalma uku: "Ka kai tukuna."

Yau na kai. Akawu ya juya takardar, ya ɗaga ta sama yana dubawa.

"A ina aka buga wannan?"

"A can, ranka ya daɗe. Ga hoton a jarida."

"To ka ga matsalar. Duk hatimin da aka buga a waje, na waje ne. Sai ofishin jakadanci ya shaida shi."

"Amma na ogan naka ne."

"A nan ne yake nasa. Can baƙo ne."

"In an shaida fa?"

"Sai ka kawo Oga ya buga."

"Yaushe zai dawo?"

"Ya wuce wata ƙasar. Masu zuba jari ba a wuri ɗaya suke ba."

Ina kan matakala manajar ta kira. Ta yi ta ba ni haƙuri. Wa'adi ya wuce, kuma ƙasar da ke maƙwabtaka da mu ta gama musu rajista cikin kwana biyu, har sun rataya allo.

Na je na shaida wa masoyiyata. Ta kalli takalmina da na goge, sannan ta ce, "Ni ba hatimi zan aura ba. Amma Babana, kai za ka gaya masa da bakinka." Da na san haka, da na ƙara kwana tara a benci.

Kawu mai agogo ya ce rediyo ta sanar za a tura tawaga ƙasar maƙwabta, a koyo yadda suke jawo masu zuba jari. Ina roƙon Masu Girma a sa sunana, ko jaka ce zan riƙe. Ina so in ga kalar fentin da aka yi wa ofishina.